Ranar Tashi A Gidan Mai Ɗinkin Bargo

Kifi ne ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, amma shi kifi ba shi da tukunya, ba shi da akwati, balle keken ɗinki, saboda haka maganar tashi ba ta yi masa nauyi a baki ba. Ɗan Adam kuwa ba ya sanin abin da ya mallaka sai ran da aka ce ya fitar da shi waje. Ran nan ne ƙarƙashin gado ke amayar da abin da ya haɗiye shekara da shekaru, ran nan ne kuma ake gane cewa abin da wani yake kira dukiya, wani a gida ɗaya tarkace yake ce masa. Ma'aikacin gwamnatin da aka taɓa yi wa canjin gari ya san wannan, matar soja da matar ɗan sanda sun fi shi sani. A wannan mako ina so mu leƙa yadda abin yake kasancewa a ƙasar Amurka, a gidan matan nan da suka ɗauki ɗinkin bargon ƙyallaye abin ɗebe kewa, gama a cikin masu tashi duka ban ga waɗanda tashi ke wahalarwa kamarsu ba.

Bari in fara da bayyana aikin, don kada mu yi ta zance a duhu. Bargon nan hawa uku ne. Na sama shi ne fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi iri iri, a yanka su masu kusurwa huɗu ko uku, a ɗinke su su ba da zane. Na tsakiya shimfiɗar auduga ce, na ƙasa kuwa shafi ne. Sa'an nan a bi duka ukun da ɗinki sahu sahu, yadda audugar ba za ta dunƙule ba ko an wanke. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifidi ran hawan salla ya ga irin wannan dabara, domin lifidi ma tufa ne aka cusa wa auduga a tsakani aka bi da ɗinki, sai dai shi don tare mashi da kibiya aka yi shi, wannan kuwa don tare sanyin ƙasar da ruwa kan daskare ya zama dutse. Ƙa'idar haɗin ita ce a bar rubu'in inci a bakin kowane ƙyalle, ba daɗi ba ragi. In aka kuskure da kaurin zare guda a kowace gaɓa, kafin a kai ƙarshen layi kusurwoyi sun ƙi haɗuwa. Akwai wani shahararren bargo da wata mata mai suna Jane Stickle ta gama cikin 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, ta ƙirga ƙyallayen da ke ciki ta ɗinka lissafin a kusurwarsa, 5,602 ne cif. Yana nan ajiye a gidan tarihi na garin Bennington.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne labarin da 'yar ƙanena ta aiko mini, ita ma'aikaciyar jinya ce a birnin Kolumbos ta jihar Ohayo. Tana da maƙwabciya, wata dattijuwa Ba'amurkiya, tsohuwar malamar makaranta, wadda mijinta ya rasu shekarun baya, 'ya'yanta kuma duk sun watse. Su can yaro kan kira tsohuwa da sunanta gatsal, amma ita yarinyar nan bakinta ya kasa, Mama take ce mata, mu ma haka za mu kira ta. Mama ta shekara 41 a gidan nan mai bene. Gwiwa ta fara ƙin matakala, sharar dusar ƙanƙara a ƙofar gida ta gagare ta, sai babbar 'yarta ta matsa mata ta sayar da gidan ta komo kusa da ita a jihar Karolina ta Arewa, tafiyar yini guda cur a mota, inda aka samar mata ɗaki biyu da falo a wani gini na tsofaffi. Ta yarda. Kujeru da gadaje da tukwane ba su ɗauke ta mako guda ba, wannan a ba wane, wancan a sayar. Da aka iso ɗakin ɗinki sai magana ta tsaya cik.

"Gwaggo," in ji yarinyar, "in kika shiga ɗakin nan sai ki rantse wani shago ne a Kantin Kwari." Kantoci tun daga ƙasa har rufi, yadi a ninke bisa launi, ja da danginsa a nan, shuɗi da danginsa a can. Ƙarƙashinsu kwalaye ne na ƙyallaye, an ware su bisa girma, har da waɗanda ba su wuce kwalin ashana ba. Bango guda ta lulluɓe shi da wani farin yadi mai gashi-gashi, wanda in ta manna ƙyalle sai ya zauna ba tare da fil ba. A nan take jera zanen bargo, ta ja da baya ta ƙura masa ido, wani lokaci kwana uku tana sauya wa ƙyalle guda wuri. Ga teburin yanka, da 'yar wuƙar nan mai juyawa kamar ƙafar keke, wadda kamfanin Olfa na ƙasar Japan ya fito da ita cikin 1979, ta rage wa matan nan wahalar almakashi ƙwarai. Ga kekunan ɗinki uku, cikinsu har da wani ɗan ƙaramin baƙin Singer, samfurin da aka fara ƙerawa cikin 1933, nauyinsa kamar kilo 5 ne kacal, ta gaje shi daga mahaifiyarta. A cikin kabad kuma fuskokin bargo 14 ne aka fara ba a gama ba, kowace da dalilinta: wannan launinta ya ƙare a kasuwa, waccan wadda aka fara dominta ta fasa auren.

A nan zan faɗi abin da matan ba za su so ji ba. Ana danganta wannan aiki da tattali, watau kada a yar da ko guntun tufa, amma yau akasarin masu yinsa don nishaɗi sabon yadi dal suke saye a kanti, su yayyanka shi gunduwa gunduwa, sa'an nan su zauna wata uku suna mayar da shi guda. Masu kantuna kuwa sun gano lagonsu, suna yanka musu yadin ƙanana ƙanana, inci 18 da inci 22, su ninke su ɗaure da zare mai kyau, yadda mace za ta ce ai wannan ɗan kaɗan ne. Da kaɗan kaɗan ɗin nan ɗaki ke cika. Mama da kanta ta yi lissafi, ta ce ko za ta kai shekara 100 tana ɗinki kullum ba za ta cinye rabin abin da ta tara ba. Ɗanta namiji kuwa da takarda da alƙalami ya zo. A ƙasar, in za ka tashi daga wata jiha zuwa wata, kamfanin kwasar kaya kan auna motarsa tana fanko, ya sake aunawa bayan an yi lodi, a biya shi bisa nauyi da nisan tafiya, kuma duk wanda ya taɓa cicciɓar dilar atamfa ya san yadi ba abin rainawa ba ne a ma'auni. Ya ce kuɗin kai wasu kwalayen ya fi kuɗin abin da ke cikinsu, kuma ko an kai babu inda za a sa. A kan sabon yadi lalle yana da gaskiya, uwar ma ba ta yi masa musu ba.

Inda ya yi ɓatan kai shi ne da ya ɗauki wani tsohon kwali ya nufi kwandon shara da shi, yana cewa waɗannan ai tsummoki ne. Tsummoki ne kam, ba ƙarya ya yi ba. Amma a ciki akwai rigunan aikin mahaifinsa, da rigar da yayarsa ta sa ran da aka fara kai ta makaranta, da labulen ɗakin girkin kakarsa. Uwar ba ta ɗaga murya ba, ta dai ciro wani ƙyalle mai ratsin shuɗi ta tambaye shi ko ya gane shi. Ya ajiye kwalin inda ya ɗauke shi.

Tsumma irin wannan yana da tarihi a ƙasar. A jihar Alabama akwai wani ƙauyen baƙar fata da ake kira Gee's Bend, kogi ya kewaye shi ta fuska uku. Mutanensa jikokin bayi ne, da yawansu har yau suna amsa sunan Pettway, watau sunan ubangidan da ya taso kakanninsu a ƙasa tun daga Karolina ta Arewa wajen 1846. Matan ƙauyen larura ce ta sa su ɗinki, gidajen katako ne iska na shiga ta kowace kafa, sai an jibga wa yara barguna kafin su iya barci. Cikin 1942 wata daga cikinsu, Missouri Pettway, da mijinta ya rasu, ta tattara tufafin da yake zuwa gona da su ta yi bargo ta riƙa rufa da shi. Barguna irin wannan na tsofaffin wanduna da rigunan aiki, su ne aka rataye a babban gidan nune-nune na birnin Houston cikin 2002, daga can aka kai su Niyok, masana zane suka yi ta al'ajabi, har cikin 2006 gidan waya na ƙasar ya buga hotunan guda 10 a jikin kan sarki. Da an bi ta masu cewa tsumma ne, da ko ɗaya bai kai labari ba.

Sai kuma dillalin gida ya zo da tasa. Al'adarsu ce kafin a sa gida a kasuwa a gyara shi yadda mai saye zai ga fili, a ɗauki hotuna a baza a intanet. Ya dubi ɗakin ɗinki ya ce a kwashe kome a kafa gado, don masu saye ɗakin kwana suke nema. Ta haka Mama ta wayi gari ba ta da wurin zama a cikin gidanta, saura mako bakwai a tashi. Ku tuna fa mace ce wadda ta saba, in ta sha shayin safe ta wanke kofinta, sai ta hau sama ta jona dutsen guga, ta yi yanka da hantsi lokacin da ido ke gani sosai, ta hau keke har azahar, da dare kuma ta zauna gaban talabijin tana kalmasa bakin bargo da hannu. A kan wannan kwanakinta suke tafiya, tun ba ma bayan rasuwar mijinta ba. Yanzu kuwa sai a bugo waya a ce masu kallon gida za su zo ƙarfe 2, ta share ta goge, ta fita ta zauna cikin mota a bakin wani lambu har su gama leƙe-leƙensu.

Abin da ya cece ta wani gwangwanin biskit ne. A ciki ta zuba allura, da zare kala uku, da ƙaramin almakashi, da 'yar hular ƙarfen nan da ake sa wa yatsa, da tarin takardu da aka yanka masu kusurwa shida kamar ɗakunan saƙar zuma. Wannan wata tsohuwar dabara ce ta Ingila: a naɗe ƙyalle a jikin takarda a ɗan kama shi da zare, a haɗa shi da ɗan'uwansa gefe da gefe da hannu, in an kewaye shi ta ko'ina sai a zare takardar. Ba ta bukatar keke ko tebur ko wutar lantarki, cinya ta isa. A da can, da takarda ke da tsada, tsofaffin wasiƙu da jaridu ake yankawa, shi ya sa har yau in aka sami irin wannan bargo da ba a ƙarasa ba, masu bincike kan karanta takardun da ke bayansa su gane zamaninsa. Mama kuwa da ambulan ɗin takardun kuɗin wuta da na ruwa na tsohon gidan ta yanka nata, ƙyallen kuma daga rigunan mijin nan ne. Da gwangwanin nan ta yi zaman mota, da shi ta yi zaman jira a ofishin masu rubuta ciniki. A rana takan haɗa 10 ko 12, ta ce ran da ba ta soka allura ba barci ba ya zuwa.

Tashi da bargo tsofaffin abokan tafiya ne a Amurka. Daga wajen 1843, lokacin da ayari ayari na Turawa suka riƙa barin gabas suna nausawa yamma zuwa Oregon a kekunan shanu (ƙasar da suka nufa ɗin da masu ita, amma wannan zancen wata rana ne), tafiyar mil 2,000 ce wadda kan ci wata biyar ko shida, mata kan shafe watanni suna ɗinkin barguna kafin a ɗaura. A hanya in shanu sun gaji, murhun ƙarfe da kabad da kujeru ake fara zubarwa, har gefen hanyar ya cika da kayan mutane. Bargo kuwa ba a yar da shi, domin shi ne shimfiɗa, da shi ake naɗe tangaran, da shi ake tare ƙura da iska, in kuma wani ya mutu a inda babu katakon yin akwati, ga kwalara ta kashe da yawa, a cikinsa ake naɗe shi a binne. A wannan zamani ne al'adar bargon ban kwana ta yi ƙarfi: maƙwabta da dangi kowace ta ɗinka yanki guda, ta rubuta sunanta a tsakiya da tawada, a haɗa a ba mai tafiya, don an san da wuya a sake ganawa.

Al'adar ba ta mutu ba. Mama tana cikin wata ƙungiyar mata da ke haɗuwa kowace Talata a wani ɗaki na laburaren unguwa, shekara fiye da 20. Abin kamar gayya ne, a shimfiɗa bargon mace ɗaya a kewaye shi, hannu na aiki baki na aiki. Su suka taya ta zaman makoki, su suka riƙa kai mata abinci sa'ad da aka yi mata aikin ido. A Talatar ƙarshe ta kai musu kwalaye 9 na sabon yadi ta juye a tebur, ta ce kowa ta ɗiba, saura a yi wa yara marasa lafiya barguna, gama akwai ƙungiyoyi irin su Project Linus, da aka kafa cikin 1995, masu karɓar irin wannan su kai asibitoci. Su kuma suka fito da abin da suka ɓoye mata, yankuna 24 ne kowanne da sunan mai shi, da gangan suka ƙi haɗawa. Suka ce ta tafi da su ta haɗa a can. A ganina matan nan sun fi 'ya'yanta hango abin da ake tsoro, watau tsohuwa ta je garin da ba ta san kowa ba, ta bar keke cikin kwali ta ce sai gobe, goben nan ta zama shekara.

Sauran magana ita ce ta bargunan da aka gama, sun haura 30, sabon wuri kuwa ba zai ɗauki fiye da 6 ba. 'Ya'ya da jikoki kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu, wasu don so, wasu don kunya. Mama ta san inda irin waɗannan kan ƙare, domin ta sha ganin aikin hannun wata baiwar Allah a shagon gwanjo ana sayar da shi kuɗin da bai kai na zarensa ba, ko an shimfiɗa wa kare a bayan mota, ba wanda ya san wadda ta yi. Saboda haka ta ware mako guda ta ɗinka wa kowanne ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya, ta rubuta sunanta, da garin, da shekarar da ta gama, da wanda aka yi dominsa, da inda ƙyallayen suka fito, 'yar ƙanen nawa tana karanto mata shekarun daga wani tsohon littafin da take ajiye lissafi.

Amfanin irin wannan rubutu ya bayyana a labarin Harriet Powers, wadda aka haifa baiwa a jihar Jojiya cikin 1837. Cikin 1886 ta kai wani bargo nata wurin baje koli a garin Athens na jihar, mai ɗauke da ƙissoshi daga littafin addininsu. Wata malamar zane mai suna Jennie Smith ta gani ta taya, ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan kamar shekara huɗu talauci ya matsa, ita da mijinta suka ɗoro shi a keken shanu, a naɗe cikin buhun fulawa mai tsabta. Ta yi masa kuɗi dala 10, malamar ta ce 5 gare ta, a haka aka rabu. Kafin ta saki bargon sai da ta bi yankunansa 11 ɗaya bayan ɗaya ta faɗi ma'anar kowanne, malamar ta rubuta. Albarkacin wannan rubutu ne aka san sunanta da abin da take nufi, bargon kuwa yana gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. Dubbai irinta sun yi aikin da bai gaza nata ba, ko sunansu ba a sani ba. Mu ma a nan, nawa ne cikinmu za su iya nuna zanen gadon da uwarsu ta yi wa ado da hannu, ko gwadon da kakarsu ta kaɗa zarensa? Akasari a wajen tashi suke salwanta, in mota ta cika direba na ta danna hon, maigida ya ce a bar wannan ƙunshin tsumman. Saboda haka 'yar'uwa, ƙunshin da kika fi ji da shi ki ɗaure shi tun da wuri, ki riƙe shi a hannunki.

Shirya bargo ma da ƙa'idarsa. Ba a barinsa ya daɗe cikin leda, domin leda na riƙe danshi, danshi kuma ya kawo fumfuna, ga shi jihar da za ta ta fi Ohayo zafi da laima. Ba a barinsa ya jingina da tsiraran katako ko kwali shekara da shekaru, yakan yi jan tabo. Cikin tsohon zanen gado na auduga ko rigar matashi ake naɗe shi, lokaci lokaci a warware a sauya ninki, in ba haka ba zaren kan karye a kan layin ninkin. Ranar lodi 'yan kwasar kaya suka zo da nasu barguna masu kauri na naɗe kujeru, waɗanda su ma in ka duba ɗinkin nan ne mai hawa uku, sai dai inji ya yi. Da nasu suka ƙare wani saurayi ya miƙa hannu zai ja ɗaya daga cikin na Mama ya naɗe madubi, ran nan unguwa ta fara jin muryarta. Keke ɗaya ta sayar, ɗaya ta bar wa 'yar ƙanen nawa da sharaɗin ta koya. Baƙin Singer kuwa bai shiga babbar mota ba. Ta cire allurarsa, ta sauke ƙafarsa a kan ɗan ƙyalle, ta rufe shi cikin akwatinsa, ta ɗora a kujerar bayan motar 'yarta ta ɗaure shi da bel kamar jariri.

A sabon wuri, ɗaki na biyu da aka ce na baƙi ne ba a kafa gado a cikinsa ba, ta ce baƙo ya kwana a doguwar kujera. Tagar ɗakin arewa take kallo, hasken ba shi da ƙarfi amma ba ya sauyawa, rana kuma ba za ta kashe launin yadi ba. Masu ginin ba su son a huda musu bango, sai ta lulluɓe wani babban allo da farin yadin nan ta jingina. Kwalin da ma'aunanta suke ciki ya yi kwana 12 ba a gan shi ba, daga baya aka same shi ƙarƙashin na tukwane, wani ya rubuta masa kayan kicin. Ta sami wata ƙungiya mai haɗuwa ran Alhamis, ta je sau biyu, ba ta riƙe sunayensu ba tukuna, ta ce dai suna son launi mai ihu. Yankunan nan 24 suna jere a allo. Da ta auna ta tarar guda uku sun gaza awo da kaɗan, ta ce ko ba ta karanta sunan ba ta san hannun wace da wace ne, shekara 20 tana yi musu faɗan rubu'in inci. Ba za ta warware ba, siririn baki za ta ƙara musu su yi daidai da sauran.